Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Kafa Mabuɗi Ɗaya Domin Manhajojin Kamfani

A shekarun baya, dukiyar ɗan kasuwa a Jimeta tana cikin sito ne da akwatin ƙarfe da babban littafin bashi, kuma kowa ya san mutumin da mabuɗan suke hannunsa. Idan akawu ko yaron shago ya bar aiki, abu na farko da maigida zai yi shi ne ya karɓi mabuɗinsa, in kuwa rabuwar ba ta yi daɗi ba, sai a sayo sabon kwaɗo tun kafin rana ta faɗi. A yau kashi mai yawa na wannan dukiya ya koma cikin kwamfuta. Lissafin kuɗi yana cikin wata manhaja, jerin kayan sito yana cikin wata, albashi da wasiƙu da sunayen abokan ciniki kowanne da tasa. Kowace manhaja ƙofa ce, kowace ƙofa kuma tana da kalmar sirrinta. Tambayar da ya kamata kowane mai kamfani ya yi wa kansa ita ce: idan wani ma'aikaci ya ajiye aiki yau da azahar, ƙofofi nawa ne za su kwana a buɗe gare shi?

Wannan darasi zai yi bayani a kan tsarin da aka ƙirƙiro domin amsa wannan tambaya, watau tsarin shiga da mabuɗi ɗaya, wanda masana suke taƙaita sunansa da SSO. Za mu duba ma'anarsa, da yadda ake kafa shi, da kuɗin da yake ci, da kuma haɗarin da yake tattare da shi, musamman ga kamfanonin da suke aiki a Yola da Jimeta da sauran garuruwan Jihar Adamawa.

Ma'anar tsarin

Mai karatu ya dubi gidan gargajiya irin na unguwannin cikin garin Yola. Komai yawan sassan gidan, hanyar shiga ɗaya ce, ita ce zaure. Baƙo yakan yi sallama a nan, a gane shi, sa'an nan a ba shi izinin wucewa sashen da ya zo dominsa. Ba kowane ɗaki ne yake da mai gadinsa ba. Idan aka hana mutum wuce zaure, to an hana shi gidan baki ɗaya.

Haka tsarin mabuɗi ɗaya yake. Kamfani yakan buɗe wa kowane ma'aikaci asusu guda na wurin aiki, da sunan kamfanin, a wajen wata manhaja ta musamman wadda aikinta kawai tantance mutane. A wannan darasi za mu kira ta mai tantancewa. Ma'aikaci zai shiga nan sau ɗaya da safe, daga nan sauran manhajojin aiki za su karɓe shi ba tare da sun sake neman kalmar sirri ba, domin sun amince da shaidar da mai tantancewa ya bayar a kansa. Fitattun masu ba da wannan hidima sun haɗa da Microsoft Entra ID, wanda kafin shekarar 2023 ake kira Azure Active Directory, da Google Workspace, wanda kafin 2020 ake kira G Suite, da kuma kamfanin Okta. Akwai kuma Keycloak, wadda manhaja ce ta kyauta da kamfani zai iya ɗorawa a kan na'urarsa idan yana da ƙwararren da zai kula da ita.

Ya kamata a bambanta wannan da abin da mutane da yawa suke yi, na sanya kalmar sirri iri ɗaya a kowace manhaja. Wannan ɗabi'a ita ce mafi haɗari, domin kalmar tana ajiye a wurare da yawa, kuma duk inda aka sace ta an sace sauran. A tsarin da muke magana a kai, kalmar sirri tana wuri ɗaya tak, sauran manhajojin ba su taɓa ganinta.

Dabarar haɗa shaidar mutum a wuri ɗaya ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwar Nijeriya. Tun watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda da ita dukkan bankuna suke gane abokin hulɗa guda. BVN ba mabuɗin shiga asusu ba ce, amma manufar ta yi kama: a tantance mutum a wuri ɗaya, sauran wurare su dogara da wannan tantancewa.

Asalinsa

Tushen wannan fasaha yana jami'ar MIT ta Amurka, inda a shekarun 1980 aka ƙirƙiro wani tsari mai suna Kerberos domin ɗalibai su riƙa amfani da kwamfutocin jami'ar da asusu guda. Kamfanin Microsoft ya ɗauki wannan tsari ya sanya shi cikin Windows 2000, kuma da shi ne manyan ofisoshi da bankuna suka daɗe suna haɗa kwamfutocinsu na cikin gida. Da manhajoji suka fara ƙaura zuwa intanet, sai buƙata ta taso ta samun ƙa'idar da kamfanoni daban-daban za su yarda da ita. Ƙungiyar OASIS ta fitar da ƙa'idar SAML a 2002, sa'an nan ta fitar da bugu na biyu a watan Maris na 2005, wanda har yanzu manhajojin kasuwanci da yawa suke amfani da shi. A 2012 aka fitar da OAuth 2.0, a 2014 kuma aka gina OpenID Connect a kansa, wanda shi ne yake aiki a duk lokacin da mutum ya latsa maɓallin shiga wani shafi da asusunsa na Google. Ba lallai ne ɗan kasuwa ya san cikin waɗannan ƙa'idoji ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya riƙe sunaye biyu, SAML da OpenID Connect, domin da su zai tambayi duk wanda ya zo tallata masa manhaja.

Yadda yake aiki

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Jambutu ya san tsarin. Fasinja yakan biya kuɗi a teburi, a rubuta masa tikiti mai hatimi. Direba ba ya ƙirga kuɗin fasinja, tikitin yake dubawa, kuma tikitin na wannan tafiya ne kaɗai.

To, idan akawun kamfani ya buɗe manhajar lissafi, manhajar ba za ta tambaye shi kalmar sirri ba, sai ta tura shi wajen mai tantancewa. A can zai rubuta sunansa da kalmarsa, ya kuma kawo shaida ta biyu daga wayarsa. Idan komai ya yi daidai, mai tantancewa zai rubuta wata gajeriyar takardar shaida ta lantarki mai ɗauke da sunan ma'aikacin da adireshin wasiƙarsa, wani lokaci har da sashen da yake aiki, ya buga mata hatiminsa na sirri, ya mayar da shi manhajar lissafi. Ita kuma za ta duba hatimin, ta tabbatar ba jabu ba ne, ta buɗe masa. Duk wannan yakan ɗauki daƙiƙoƙi kaɗan. Idan bayan awa guda ya buɗe manhajar sito, za a sake tura shi wajen mai tantancewa, amma tun da an riga an gane shi da safe, nan take za a rubuta masa wata takardar ba tare da tambaya ba. Takardun nan ba su daɗewa suke lalacewa, domin kada wanda ya tsinci ɗaya ya amfana da ita.

Ribar da ke ciki

Bari mu ƙaddara wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi, mai babban ofishi a Jimeta da rassa a Mubi da Numan da Ganye. A ce yana da ma'aikata 40, kowannensu yana amfani da manhajoji 6. Wannan ya ba mu sunayen shiga 240, kowanne da kalmar sirrinsa. Ba mai iya riƙe wannan a ka, saboda haka za a ga kalmomin a rubuce a bayan kalanda, ko an tura su ta WhatsApp, ko kuma reshe guda yana amfani da asusu ɗaya wanda kowa ya san kalmarsa. Da tsarin mabuɗi ɗaya, adadin zai sauko daga 240 zuwa 40.

Sauƙin da ma'aikata za su samu riba ce, amma ita ce ƙarama. Babbar ribar tana bayyana ranar sallama. A ce manajan reshen Mubi ya koma wajen abokin gasa ana gab da damina, lokacin da cinikin taki yake tashe. A tsohon tsari sai an bi manhajoji shida ɗaya bayan ɗaya ana rufewa, kuma da wuya a rasa wadda aka manta, wataƙila ma ita ce mai ɗauke da farashin sari da sunayen dillalai da bashin da ake bin kowanne. A sabon tsari, rufe asusunsa a wajen mai tantancewa ya isa ya hana shi sabon shiga a ko'ina.

Wannan ba tsoro ne na fatar baki ba. A watan Mayun 2021 ɓarayin intanet suka kutsa cikin kamfanin Colonial Pipeline, mai babban bututun man fetur na gabashin Amurka, ta hanyar wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai take tsaronsa. Bututun ya tsaya na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4.4. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma asusun da aka manta da shi tsaga ce.

Riba ta uku ita ce rajista. Mai tantancewa yana rubuta sunan duk wanda ya shiga, da lokacin, da na'urar da ya yi amfani da ita. A kamfanonin iyali, inda ɗa da ƙane da suruki suke aiki tare, wasu sukan ga kamar ba kowa asusunsa rashin yarda ne. Gaskiyar magana ita ce mai amana ne ya fi kowa cin moriyar wannan tsari. Idan buhu 50 suka ɓace a lissafi alhali mutum biyar suna amfani da asusu guda, zargi zai hau kan su biyar ɗin, zumunci ya lalace. Idan kowa da nasa, rajista za ta wanke huɗu.

Matakan kafawa

Mataki na farko ba ya buƙatar kwamfuta. Maigida da akawu da mai kula da ma'aikata su zauna da takarda da biro, su rubuta jeri biyu: sunayen dukkan ma'aikata da aikin kowannensu, da kuma sunayen dukkan manhajojin da kamfani yake biya ko yake amfani da su. A gaban kowace manhaja a rubuta wanda ya buɗe ta, da adireshin wasiƙar da aka buɗe ta da shi, da katin bankin da ake cire kuɗinta. A nan ne kamfanoni da yawa suke gano cewa manhajar da ta ƙunshi lissafinsu na shekaru tana rajista da asusun ƙashin kai na wani yaro da ya daɗe da tafiya hidimar ƙasa.

Mataki na biyu shi ne mallakar adireshin kamfani a intanet, watau sunan da yake zuwa a ƙarshen adireshin wasiƙa. Adireshi mai ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, ana kuma sayensa ta hannun dillalan da ta amince da su, a sabunta shi lokaci-lokaci. Wajibi ne a yi rajistarsa da sunan kamfani da lambar wayar mai kamfani. Kada a bar shi da sunan injiniyan da ya zo yin aikin, komai amincinsa, domin wannan adireshi shi ne filin da za a yi ginin a kai, kuma ba mai hankalin da zai gina shago a filin da takardarsa take da sunan magini.

Mataki na uku shi ne zaɓen mai tantancewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi inda wasiƙun kamfani suke. Wanda yake biyan Microsoft 365 ya riga ya mallaki Entra ID, wanda yake biyan Google Workspace shi ma yana da nasa a ciki. Mai tantancewa zai nemi a tabbatar masa cewa adireshin na kamfanin ne, ta hanyar ba da wata gajeriyar lamba da za a liƙa a bayanan adireshin a wajen dillalin da aka saya.

Mataki na huɗu, a buɗe wa kowane ma'aikaci asusu da sunansa, sa'an nan a kasa su rukuni-rukuni bisa ga aiki: rukunin lissafi, rukunin sito, rukunin talla, rukunin manajoji. Izini a riƙa ba rukuni. Idan aka yi wa mai kula da sito a Numan canjin aiki zuwa sashen talla a Jimeta, sai a cire shi daga wancan rukuni a sa shi a wannan, ƙofofin da suka dace su buɗe, waɗanda ba su dace ba su rufe. Ƙa'idar ita ce kowa ya samu iyakar abin da aikinsa yake buƙata.

Mataki na biyar, a kunna shaida ta biyu ga kowa, tun daga kan maigida, kafin a haɗa ko da manhaja ɗaya. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na shida shi ne haɗa manhajojin, kuma aiki ne na musayar bayanai tsakanin ɓangarori biyu. Daga manhajar aiki za a kwafo abu biyu, watau lambar shaidarta da adireshin da take karɓar takardar shaida, wanda ake yi wa laƙabi da ACS, a kai su wajen mai tantancewa. Daga wajen mai tantancewa kuma za a kwafo adireshin shiga da kwafin hatiminsa, a kai su manhajar. Sau da yawa kowane ɓangare yakan tattara nasa cikin fayil guda wanda za a sauke a nan a ɗora a can. Bayan haka sai a gaya wa ɓangarorin biyu abin da za su gane ma'aikaci da shi, wanda yawanci adireshin wasiƙarsa ne. A nan aka fi yin tuntuɓe. Idan a manhajar lissafi an rubuta akawu da tsohon adireshinsa na ƙashin kai, a wajen mai tantancewa kuma da na kamfani, manhajar za ta ɗauke shi baƙo, ko ta ƙi shi ko ta buɗe masa sabon asusu fanko. Saboda haka a daidaita adireshin kowa tukuna.

Mataki na bakwai shi ne gwaji. A fara da mutum uku ko huɗu da manhajar da tsayawarta ba za ta tsayar da ciniki ba. Kada a yi wannan aiki a ƙarshen wata lokacin biyan albashi, ko a tsakiyar kakar ciniki. Sai an ga komai yana tafiya na mako guda ko biyu, sa'an nan a haɗa sauran.

Mataki na ƙarshe shi ne rufe tsohuwar ƙofa. Manhajoji da yawa sukan bar ma'aikaci ya ci gaba da shiga da tsohuwar kalmarsa ko bayan an haɗa sabon tsari, sai an je an kashe wannan dama da hannu. Wanda bai yi haka ba ya gina zaure ne ya bar katangar baya a rushe.

Abubuwan da ake mantawa

Hatimin mai tantancewa yana da wa'adi. Na Microsoft yakan yi shekara 3, na Google shekara 5. Ranar da ya ƙare ba tare da an sabunta ba, ma'aikata za su wayi gari manhajojin sun ƙi su. A rubuta ranar a littafin ofis, a kuma sa adireshin da ake dubawa kullum domin karɓar saƙon gargaɗi.

Haka kuma, rufe asusu a wajen mai tantancewa yana hana sabon shiga ne, amma wanda ya riga ya shiga a wayarsa yana iya ci gaba har zuwa wani lokaci. Ranar sallama a nemi maɓallin da yake fitar da mutum daga dukkan na'urorinsa, a latsa. Bugu da ƙari, sunansa zai ci gaba da zama cikin manhajar ana cajin kamfani kuɗin kujerarsa duk wata, sai an goge shi. Akwai ƙa'ida mai suna SCIM, wadda aka daidaita a 2015, da take yin wannan aiki da kanta: buɗe asusu idan an ɗauki mutum, rufewa idan an sallame shi. Duk manhajar da take da ita, a kunna.

Sa'an nan a sani cewa wasu ƙofofin ba za su shiga zauren ba. Shafin banki na kamfani, da na biyan haraji, da na Hukumar Rajistar Kamfanoni, yawanci kowanne yana riƙe da nasa tsarin shiga. Waɗannan a yi musu rajista ta daban, a rubuta wanda yake riƙe da kowanne, a kuma sanya su cikin jerin abubuwan da ake karɓa ranar sallama.

Haɗarin zaure ɗaya

Tara mabuɗai a wuri ɗaya yana tara haɗari a wuri ɗaya. Wanda ya sace asusun manaja ya samu duk abin da manaja yake da izini a kai. A harin SolarWinds da aka gano a watan Disamba na 2020, maharan sun sace hatiman wasu cibiyoyi suka riƙa rubuta wa kansu takardun shaida na jabu. A watan Satumba na 2023 kuma aka kutsa kamfanin otal-otal na MGM Resorts a Amurka, inda rahotanni suka nuna cewa an yaudari sashen taimakon ma'aikata ne ta wayar tarho, kamfanin kuma ya ƙiyasta asararsa da kimanin dala miliyan 100. Darasin a fili yake: kada a sake wa kowa kalmar sirri saboda kiran waya ko saƙo, ko da muryar ta yi kama da ta maigida. A sa doka cewa sai mutum ya zo da ƙafarsa, ko manajan reshensa ya tabbatar da shi ta lambar da aka riga aka sani.

Wannan ya dawo da mu ga shaida ta biyu. Mafi yawan mutane sun saba da lambar da ake turowa ta saƙon tes, amma ita ce mafi rauni, domin ana iya yi wa layi fashi, layin kuma yana iya rufewa. Mutanen Adamawa ba su manta ba cewa bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, an katse layukan wayar salula na makonni. An yi irin wannan a Zamfara a watan Satumba na 2021. Abin da ya fi shi ne manhajar tantancewa ta waya, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, wadda take fitar da lamba mai alƙaluma 6 da take canjawa duk daƙiƙa 30. Ba ta buƙatar layi ko data, agogon wayar kawai take so ya zama daidai. Ga maigida da akawu da duk mai izinin gudanar da tsarin, ya fi kyau a saya musu ɗan mabuɗin ƙarfe na musamman da ake sokawa a kwamfuta, domin shafin jabu ba ya iya yaudararsa.

Idan zauren ya rufe kansa fa? A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da ofisoshi ya gamu da cikas a Nijeriya da maƙwabtanta. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda ba wutar lantarki saboda lalacewar manyan layuka. Kamfanin da ya dogara da mai tantancewa na intanet dole ya tanadi layin intanet na biyu daga wani kamfanin sadarwa daban, da batir ko hasken rana ga na'urar sadarwar ofis, da kuma littafin rasit na takarda wanda za a ci gaba da ciniki da shi a shigar da bayanan daga baya. Haka nan a buɗe asusun gaggawa guda biyu masu cikakken iko, kamar yadda Microsoft kansa yake ba da shawara, a rubuta kalmominsu a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye a akwatin ƙarfe, ɗaya a ofis ɗaya a wani wuri nesa da shi. Ga kamfanin da ofishinsa yake kusa da kogin Binuwai, wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, wannan shawara ba ta buƙatar dogon bayani.

Kuɗi da doka

Kuɗin wannan tsari kashi uku ne. Akwai kuɗin asusun kowane ma'aikaci duk wata, akwai ladan injiniyan da zai haɗa, akwai kuma na uku wanda ba a cika gani ba sai an shiga: kamfanonin manhaja da yawa ba su ba da damar SAML sai a rukuninsu mafi tsada. Saboda haka kafin a sayi kowace manhaja a tambaya a rubuce ko tana karɓar SAML ko OpenID Connect, kuma a wane rukunin farashi. Idan tsadar ta yi yawa, a duba ko tana da maɓallin shiga da asusun Google ko na Microsoft, wanda sau da yawa ba a biyan ƙari a kansa, kuma ya wadatar wa ƙaramin kamfani.

A kuma lura da kuɗin da aka yi farashin da shi. Kafin Babban Banki ya saki Naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya ɗauki manhaja mai farashin dala ya ga kuɗinta ya ninka sama da sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. A nan ma jerin da aka yi a mataki na farko yana da amfani, domin kujerun ma'aikatan da suka tafi da manhajojin da ba a amfani da su, idan aka soke su, suna iya rage wani kaso na kuɗin sabon tsarin.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Idan aka yi kutse mai iya cutar da masu bayanan, dole a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta sauran kuma Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Makaranta mai zaman kanta, da asibiti, da otal, da ƙaramin bankin al'umma, duk wannan doka ta shafe su. Kamfanin da ba shi da rajistar masu shiga ba zai iya bayyana wa hukuma abin da ya faru ba, balle ya kare kansa.

Shawara

Shagon da yake da ma'aikata uku da manhaja ɗaya ba ya buƙatar duk wannan. Ya ishe shi kowa ya samu asusunsa da shaida ta biyu. Amma da zarar ma'aikata sun haura goma, ko an buɗe reshe a wani gari, ko manhajoji sun kai uku zuwa huɗu, to lokaci ya yi. Kada maigida ya miƙa wannan al'amari kacokan ga injiniya. Aikin injiniya shi ne haɗa na'urori, amma yanke hukuncin wanda zai ga farashin sari da wanda zai iya goge rasit na mai dukiya ne, kamar yadda a da shi yake raba mabuɗan sito. A riƙa duba jerin ma'aikata da rukunoninsu duk bayan wata uku, a kuma sa rufe asusu cikin takardar sallama, a jere ɗaya da karɓar katin shaida da mabuɗin babur. Wanda yake son farawa, to ya ɗauki takarda cikin wannan mako ya rubuta jerin nan guda biyu, domin duk sauran matakan a kansu suke.